Ni da Inna a Layi Biyu

Tun da aka rantsar da sabon kansilanmu na zama mai yawan shiru, har matar jikana takan ɗaga labule ta leƙo ta ga ko jikin ne. Jiki da sauƙi, in ban da gwiwa, ita kuwa ta tsufa ce. Abin da ke damuna ba na asibiti ba ne. Wannan canjin shugabanci da aka yi mana ya tono mini wani da aka yi tun ina da ƙarfina, ina da goyo a baya, kuma duk inda na juya tunanina sai in tarar da kaina a wuri guda. Yaran yanzu suna ganin rigimar ɗan gari da ɗan ruga haka Allah ya halicce mu da ita. Ni kuwa na ga lokacin da babu ita, na kuma ga yadda ta shigo, don ta cikin gidan da nake aure ta bi.

Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kogi ya bi ta bayansa, rugage suna ƙetare. Babana Bahaushe ne manomi, Inna kuwa Bafulatana ce daga ƙetaren, tallan nono ya kawo ta ƙofar gidansu har abin ya kai ga aure. Saboda haka na tashi da gida biyu. A cikin gari abin da ke tada ni da safe shi ne luguden turmi, gida yana amsa wa gida, har kana iya gane mai dakan ba ka gan ta ba, wannan mai saurin hannu ce, waccan tana wurga taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. In aka kai ni ruga kuma, kukan maruƙa ne da ƙarar nono yana sauka a ƙwarya, da gunjin gora in kakata ta zauna kaɗa mai. Aikina a gari ɗebo ruwa ne da tsintar tsakuwa a gero da korar kaji daga shanya. A ruga kuwa wankin ƙore da yashin kogi, da riƙe igiyar maraƙi kada ya shanye nonon kafin a tatsa. Ƙafata ta san hanyar nan ta kogi tun ban iya ɗaura zani ba, da rani a taka yashi mai zafi ana tsalle, da damina a jira mai gora ya ƙetarar da mutum.

Kakata ta gari, uwar Baba, in ta ga ina yatsina a kan tuwo sai ta ce ai 'yar Agwai ba ta san daɗin miyar kuka ba, a nemo mata kindirmo. Kakata ta ruga kuma in ta ga na ruga don bijimi ya yi huci sai ta ce ga 'yar Kaɗo nan, tsoro a jininsu yake. Dariya ake yi, ni ma in taya su. In an gama girbi manoma ne da kansu suke ƙetarawa wurin Arɗo da goro a aljihu, kowa yana roƙon a fara sauke shanu a gonarsa, su ci kara su bar masa taki. Ba cewa nake ba a faɗa ba. Ana yi. Shanu sukan yi ɓarna, a zagi juna, wata rana har sanda ta yi aiki. Amma tsohon dagacinmu yakan tara su a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya sa a je a ga gonar da ido, a gyara abin da ya ɓaci, a raba goro a tashi. Baba yakan ce faɗan na mutum biyu ne, mai gona da mai saniya, kada kowa ya jawo kakanninsa ciki. Yau kuwa in akuya ta ci ganyen wake, kafin la'asar an ɗauki hoto a waya an aika Kano da Dutse, an ce ƙabila kaza ta far wa ƙabila kaza. Burtalin da muka sani, wanda garke biyu suke wuce juna a cikinsa, yanzu mai babur ma sai ya riƙa kauce wa ganyen dawa.

Inna tana da ƙani, wanda nake kira Kawu. Shi kaɗai aka sa boko a rugarsu, shi ma don an matsa wa Arɗo ya ba da yaro ne, aka duba aka ba da shi saboda ba shi da ƙwarin kiwo. Ya yi karatunsa a Birnin Kudu, ya dawo yana allurar shanu, ya gina gidan ƙasa a bakin gari. Da aka zo da mulkin kansiloli aka ce kowace mazaɓa ta ba da mutum guda, sai dattawa suka zauna suka ce shi, don yana jin Hausa da Fulatanci da Turancin ofis, kuma babu zauren da bai taɓa zama a ciki ba. A lokacin ban ji bakin da ya kira shi baƙo ba. Ba waliyyi ba ne, yana da saurin fushi, kuma in ya ce gobe sai ka ba shi wata, amma a zamaninsa aka haƙa rijiyar kasuwa aka gina ɗakin shan magani. A cikin waɗannan shekaru Baba ya rasu, aka yi mini aure a wani babban gida na tsakiyar gari. Inna ta ƙi komawa ƙetare, ta zauna a ɗaki ɗaya cikin gidan Kawu don ta riƙa ganina.

Gidan da na shiga gidan yawa ne, mai faɗa a ji a cikinsa kuwa yayan mijina ne, Alhaji, mai sayen gyaɗa da riɗi yana kaiwa Kano, ga motarsa tana jigilar 'yan kasuwar Gwaram. Mijina mutum ne mai sanyi, a ƙarƙashin yayansa yake noma yake ci. Da wa'adin Kawu ya ƙare aka ce wannan karon zaɓe za a yi da jam'iyyu, sai abokan Alhaji suka zuga shi ya fito. Da farko maganar taki da gyaran hanya ake yi. Da suka ga wannan ba za ta kayar da Kawu ba, sai na fara jiyo wata irin magana ta kan katanga, daga zaure. Wai yaya za a yi masu gari su zauna mutumin daji yana yi musu shugabanci. Wai rijiyar nan don shanun danginsa ya haƙa ta. Wai in ya koma zai yanka fadama ya raba wa 'yan ruga. Na ƙetare su ma ba su yi shiru ba, samarinsu suka fara cewa ai Haɓe sun manta kakannin wa suka mulke su, za a tuna musu. Kowace magana in ta ƙetare kogi sai ta dawo da ƙari. Matan gari suka daina sayen nono, 'yan tallan ruga suka riƙa zagaye mu suna wucewa wajen Sundimina da ƙwaryarsu. Facalolina, matan 'yan'uwan mijina, da muke daka a turmi ɗaya, in na shigo madafi sai hira ta mutu. Sunan nan na 'yar Agwai ya dawo, amma yanzu a bayan idona ake faɗarsa, kuma ba mai dariya.

Zaɓen na ƙato bayan ƙato ne. Babu akwati, babu lungun da mutum zai ɓuya ya dangwala. A kafa hoton ɗan takara a fili, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna da rana tsaka gari yana kallo. Ana gobe za a yi, Alhaji ya tara gidan maza da mata, ya ce duk mai cin tuwon gidan nan ya san inda yake so ya gan shi. Bai dube ni ba, amma kowa ya dube ni. Mijina ya same ni a ɗaki ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce shi ba zai ce mini komai ba, sai dai in duba yaran nan. Na ce to ko in kwanta in ce zazzaɓi nake yi, uwargidan Alhaji ta aiko cewa mara lafiya ma akwai amalanken da aka tanada dominsa. Na rasa inda zan sa kaina, sai na aika wa Inna. Ta zo da kanta, ta ƙi shigowa, muka tsaya a bayan rumbu. Ta saurare ni har na gama, tana gyara wa 'yar da nake goyo hula.

Ta ce, “Ki tsaya inda 'ya'yanki za su kwana. Ni zan tsaya bayan ƙanina. Kada ki dube ni, ni ma ba zan dube ki ba.”

A filin makarantar firamare aka yi. Matan da ba su taɓa fita da rana ba duk an fito da su, kowa da mayafinta. Layin mata biyu ne, tsakaninsu ba wani nisa, in ka miƙa taɓarya za ta kai. Namu ya cika da atamfa, nasu da kitson ruga da azurfa a kunne, ko da yake akwai 'yan tsofaffin gari da suka ƙi jin tsoro suka tsaya a can, akwai kuma masu son can ɗin da suke tsaye a bayana suna kallon ƙasa. Aka yi ta matsawa ana gyara layi, har Allah ya kawo ni daidai da Inna, kafaɗa da kafaɗa. Na kafa idona a ƙeyar wadda ke gabana. Amma 'yar da ke bayana ba ta san an yi wata yarjejeniya ba. Ta hango kakarta, ta fara zillo tana miƙa hannu tana kiran Nenne, Nenne, yadda Inna ta koya mata, haka 'yan ruga ke kiran uwa ko kaka. Da ba a ɗauke ta ba sai ta fashe da kuka. Na jijjiga ta, na bubbuga mata baya, ta ƙi. Ta gefen ido na ga Inna tsaye ƙyam tana kallon gabas. Haka yarinyar ta yi ta kiran kakarta har malamin ƙirga ya zo ya taɓa kafaɗata da bironsa ya wuce. Na ji kuka iri-iri a rayuwata, na haihuwa da na mutuwa, ban ji wanda ya daɗe kamar wannan ba.

Alhaji ne ya ci. Kafin mu iso gida makaɗa sun riga mu. Aka dafa manyan tukwane, aka ba ni muciya, don ni ce mai ƙarfin tuƙi a gidan. Ina tuƙa tuwo hayaƙi yana shiga idona, a bayan katanga maroƙa suna zambo wai bararo ya koma daji ya ci gaba da bin wutsiyar saniya. Hayaƙin ya yi mini rana, don ba wadda ta tambaye ni dalilin hawaye. Da la'asar Kawu ya zo da kansa yi wa Alhaji murna. An ce Alhaji ya fito ya ba shi hannu da mutunci, amma samari suka raka shi da ihu har bakin gari.

Har yau ina ganin Alhaji bai yarda da rabin abin da ya faɗa ba. Kujerar yake so, aka nuna masa gajeriyar hanya ya bi. To amma waɗanda suka ɗora shi sun ji abin da ya ce, kuma suka zo karɓa. Da damina ta faɗi aka sa garma a burtali, aka shuka shinkafa a bakin mashaya. Shanu suka rasa ta inda za su kai ga ruwa sai ta cikin gona. Aka yi faɗan da dagaci ya kasa kashewa, don yanzu ba na mutum biyu ba ne, aka ƙona bukkoki, aka fasa wa wani manomi kai. Kafin kaka Arɗo ya ce a tashi. Kawu ya nemi canjin wurin aiki ya bi su wajen ƙasar Bauchi. Inna ba ta da inda za ta zauna, gidan ƙaninta an rufe, gidan mijina kuwa ba ya shiguwa. Ta zo sallama da hantsi, a bayan rumbun nan dai, ta ce in riƙe salla in riƙe yara, ta tafi bin ƙaninta ba ta waiwayo ba. Ganin da na yi mata bayan haka bai taka kara ya karya ba, kuma labarin rasuwarta sai bayan an yi sadaka ya iso ni. Alhaji kuwa zango ɗaya ya yi. Wanda ya kayar da shi ya binciko cewa kakansa Babarbare ne da ya zo fatauci daga gabas, saboda haka shi ma ba ɗan gari ba ne.

Yanzu mijina ya rasu, Alhaji ya rasu, 'yar nan da na goya ita ma ta riga ni. A gidan ɗanta nake zaune, shi ke ci da ni. Rugage sun dawo ƙetare kaɗan kaɗan, wasu tsofaffin, wasu sababbi, kuma yanzu kowa da katin zaɓensa. Da wannan zaɓe ya matso, jikana yana bin wani saurayi ɗan takara, mai neman kayar da kansilan da ya daɗe. Ina jin lasifikarsu ran kasuwa, ana cewa ba za a bar baƙi su cinye gonakin talakawa ba. Sai ga shi wata rana ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado, abin da bai saba ba. Ya tuna ashe kakarsa tana jin Fulatanci. Sun lissafa sun ga ba za su kai ba sai da matan ƙetare, matan kuwa ba sa sauraren namiji baƙo.

Ya ce, “Iya, ki taimake ni. In mutumin nan ya ci zan samu aiki a sakatariya. Magana ɗaya za ki faɗa musu, zai buɗe musu hanyar mashaya. A gabana ya rantse.”

Na tambaye shi abin da lasifika take faɗa fa. Ya ce wannan siyasa ce kawai, ta 'yan kasuwa. Na dube shi, ya gama makaranta ya yi shekaru yana haya da babur ɗin wani, matarsa ga ciki, ni kuma ko ruwan alwala shi ke kawo mini. Na ce ya kawo mayafina.

A bayan babur muka ƙetare yashin kogi. Matan suka shimfiɗa mini tabarma a inuwar ɗorawa. Da na buɗe baki sai na tarar Fulatancina ya yi tsatsa, ina kamo kalma tana kuɓucewa, 'yan mata suna rufe baki suna dariya, na ji daɗin dariyar ma. Can wata tsohuwa da idonta ya kusa tafiya ta sa aka matso da ita, ta tambaye ni 'yar wace ce. Na faɗi sunan Inna da na kakata. Ta laluba ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Ta ce tare suka yi ƙaura a waccan shekarar, bukkarsu tana kusa da ta Inna a can, kuma da Inna ta rasu ita ce ta yi mata wanka. Ta ba ni labarin jinyarta, da inda aka sa ta, da yadda ba ta taɓa bari a ambace ni da mugun baki ba. Muka daɗe a haka. Jikana yana can nesa jingine da babur yana duba waya yana dubana. Daga ƙarshe na faɗi abin da aka aiko ni, kalma da kalma, na kuma ce musu ni ma gaya mini aka yi.

Tsohuwar ta ce, “Ba mu san yaron ba. Ke muka sani. Za mu fito.”

Suka fito kuwa, har da masu jego. Ɗan takarar ya ci. Jikana ya samu aikinsa, ɗan ƙarami, yana fita da safe da riga mai guga. Damina ta zo ta wuce, hanyar mashaya tana nan a toshe, bana riɗi aka shuka a kanta, kuma masu riɗin su ne suka yi wa kansila hidima a cikin gari. In na tambayi jikana sai ya ce an ce a ƙara haƙuri, abin ba a hannun kansila kaɗai yake ba, in ya taɓa gonakin nan mutanen gari ba za su bar shi ya gama wa'adinsa ba. Na daina tambaya, don na ga in na yi maganar ba ya iya cin abinci, kuma na san in ya matsa shi za a sallama. Gwiwata ba za ta kai ni ƙetare ba, in ma ta kai ni ban san da wane baki zan gaishe su ba.

Ita kuwa tsohuwar, duk ran kasuwa sai ta aiko surukarta mai tallan nono da ɗan curin man shanu a ƙoƙo, wai a ba 'yar ƙawarta. Ba ta taɓa aiko da tambaya ba. Ba na iya mayarwa, in na sa a tuwo kuma ba ya wuce mini. Kasuwar da ta wuce matar ta zo a makare, duk ta rame, ta ce ai yanzu mazansu can nesa suke kai shanu ruwa, maruƙa biyu sun faɗi a hanya, shi ya sa man ya yi kaɗan, in yi haƙuri. Na juye na wanke mata ƙoƙon. Ta karɓa ta ɗora a kan ƙwarya, amma ba ta tafi ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara gammo.

Ta ce, “Nenne ta ce ko akwai saƙo.”

Na ce, “Ki ce ina gaishe ta.”

Ta ɗan ƙara tsayawa ko zan ƙara wani abu. Sannan ta sunkuya ta fita da ƙwaryarta.